Daga Say Zuwa Barruwa: Bin Sawun Baƙon Da Ya Auna Ƙasarmu

Duk wanda ya tsaya a gaɓar Kwara a garin Say da la'asar, ba zai ga abin da zai sa ya zaci sunan wurin ya taɓa shiga bakin manyan Turai ba. Kwalekwale biyu ko uku ne a ɗaure, mata na wanki, yara na iyo, wani Bafulatani ya koro shanunsa sun zo shan ruwa. Garin kansa a kwance yake a ƙasa-ƙasa, gidajen laka da na siminti a cakuɗe, kimanin kilomita 55 kudu da Yamai. Amma a ranar 5 ga Agustan 1890, a birnin Landan, wakilan Ingila da na Faransa sun sa hannu a wata takarda da ta ɗauki sunan wannan ƙaramin gari ta ƙulla shi da na wani ƙauye mai suna Barruwa, can a gaɓar tafkin Chadi. Suka ce abin da ke arewa da layin da ya haɗa wuraren biyu rabon Faransa ne, abin da ke kudu kuwa rabon kamfanin Ingila. Tsakanin Say da Barruwa akwai Kabi da Sakkwato da Gobir da Katsina da Maraɗi da Daura da Damagaram da Barno. Wato mu ke nan, kuma babu wanda aka tuntuɓa a cikinmu.

Wasu shekaru da suka wuce, tun hanyoyin yankin ba su kai lalacewar tsaron da suka kai yanzu ba, wani taron ƙara wa juna ilimi ya kai ni Jami'ar Musulunci da ke Say. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce ta yanke shawarar kafa ta a taron Lahore na 1974, aka buɗe ta a 1986. Na ƙi bin jirgi da gangan, na zaɓi mota daga Sakkwato, domin a cikin jakata akwai kwafin wani littafi da aka buga a Faransa a tsakiyar shekarun 1890, wanda ma'anar sunansa ita ce daga San-Luwi zuwa Tarabulus ta tafkin Chadi. Marubucinsa, Parfait-Louis Monteil, ya bi wannan ƙasa daga Say zuwa Sakkwato a 1891. Ni kuma na so in bi ta daga Sakkwato zuwa Say, in ga abin da ya saura na abin da ya gani.

Mun bar Sakkwato bayan sallar asuba, hantsi bai dubi ludayi ba muka isa Illela. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiya ce da ɗan acaɓa ke yi cikin 'yan mintoci, amma a cikin mintocin nan naira ta koma sefa, kwastan ya koma duwan, makaranta ta koma lakwal, asibiti ya koma likita. Harshen mai shayi bai sauya ba, haka kalar hularsa, haka kiran sallar da ke tashi daga masallatan ɓangarorin biyu kusan a tare. A Ƙonni na ya da zango gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda aka kai ta aure can tun ban san kaina ba. Ta dube ni ta dubi littafin da ke hannuna, ta ce, "Ɗana, kai kullum cikin takardun Nasara, me suka bari da ba su ɗauka ba?" Na yi dariya na ce, "Gwaggo, ai abin da suka ɗauka nake bi in ƙirga." A lokacin raha ce muke yi. Daga baya na gane amsar ta fi ƙarfin raha.

Daga Ƙonni hanya ta miƙe yamma, ta ratsa Dogon Dutsi da duwatsunsa jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai, ta gangara kwarin Dallol Mauri, ta wuce Dosso ta Zarmakwai, ta sake gangarawa Dallol Bosso. Kafin Yamai, a wajen Kure, direba ya rage gudu ya nuna mana raƙuman dawa suna kiwo a cikin gonakin gero kamar dabbobin gida. A Yamai muka haye gadar Kennedy zuwa ɗaya gaɓar. Zabarmawa da Songai suna kiran gaɓar hagu ta kogin Hausa, ta dama kuma Gurma. Say tana Gurma. Saboda haka duk matafiyin da ya fito daga yamma ya haye kogi a nan, to a bakin mutanen wurin ya shiga Hausa ke nan, tun kafin ya ji an ce masa sannu da zuwa.

To, wane ne wannan baƙo? An haifi Monteil a birnin Faris a 1855. Ya yi karatu a makarantar horar da hafsoshi ta San-Sir, ya fito a 1876, ya shiga rundunar sojan ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa, wadda ita Faransa ke turawa ƙasashen da take mamayewa. Ya yi aiki a Senegal, ya yi a tsibiran tekun Fasifik, ya yi a Annam ta ƙasar Biyetnam ta yau, ya kuma ƙware a aikin safiyo da zanen taswira. Lokacin da aka sa hannu a takardar Landan yana da shekara 35, yana riƙe da muƙamin kyaftin. Takardar kuwa ta bar baya da ƙura. Firayim Ministan Ingila, Salisbury, ya yi shaguɓe a majalisa cewa abin da Faransa ta samu ƙasa ce mai sauƙin ƙasa, yana nufin rairayin Sahara, maganar da ta ƙona ran Faransawa. Bugu da ƙari, akwai wani sharaɗi a cikin takardar da ya ce za a ja layin ta yadda duk abin da yake na daular Sakkwato bisa gaskiya zai faɗa ɓangaren kamfanin Ingila. Ina ne iyakar abin da yake na Sakkwato? Babu wanda ya sani a Landan, babu wanda ya sani a Faris. Sai Eugène Étienne, mai kula da harkokin ƙasashen mallaka a gwamnatin Faransa, ya tura Monteil ya je ya gano da idonsa, ya kuma ƙulla yarjejeniya da duk sarkin da ya yarda.

Ya tashi daga San-Luwi ta Senegal a watan Oktoban 1890, ya bar Segu a ƙarshen Disamba. Bature ɗaya ne tare da shi, wani ƙaramin hafsa mai suna Badaire, sai tafinta da 'yan rakiya ƙalilan da dabbobin kaya. Ya bi ta Sikaso da Bobo Julaso ya isa Wagadugu a watan Afrilun 1891. A can Mogo Naba, sarkin Mosi, ya ƙi sa hannu a komai, ya sa aka nuna masa hanya. Ya wuce Dori ta ƙasar Liptako, inda ya samu yarjejeniya, inda kuma ya tarar da annobar shanun nan da ta share garken Fulani daga gabashin Afirka har zuwa yammacinta a waɗannan shekaru. Abin da ya rubuta a kanta yana cikin shaidun da masana ke dogara da su har yau wajen bin sawun annobar. A watan Agusta ya iso Say.

Say ɗin da ya tarar gari ne na malamai. Alfa Mahaman Jobbo ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, ya zama cibiyar karatu da mashigar fatake, yana kuma bin Gwandu. Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, a nan ya haye kogi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Washegarin isata wani ɗalibi ya raka ni unguwar da zuriyar Alfa ke zaune, muka gaida dattawa, aka yi mana addu'a da Fulatanci, aka sallame mu da Zabarmanci, ciniki kuma a kasuwa muka yi shi da Hausa. Na tambayi wani dattijo ko ya taɓa jin sunan Monteil. Ya girgiza kai ya ce Nasara da yawa sun wuce ta nan, wa zai riƙe sunayensu. Gaskiyarsa ce. Shi dai baƙon ya riƙe sunayenmu, ya rubuta su, har da nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya. Hausawa na cewa baƙo makahon gari ne. Wannan baƙon da idonsa ya zo, da agogo da kamfas da littafin rubutu.

Bayan ya ƙulla yarjejeniya da mahukuntan Say, ya haye kogi ya ratsa ƙasar Zabarma da ta Arawa ya isa Argungu, inda Sarkin Kabi Sama'ila ke mulki. A nan ya ga abin da ya fi kowane abu amfani ga waɗanda suka aiko shi: Kabi ba ta bin Sakkwato, yaƙi ma suke yi, kuma Zabarma da Arawa suna tare da Kabi. Ashe ke nan 'yan kwanaki kaɗan yamma da birnin Shehu akwai ƙasashen da ba za a ce na Sakkwato ne bisa gaskiya ba. Haka labarin yake a arewa, inda Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suka shafe shekaru suna kai hari cikin daular.

Ya shiga Sakkwato a watan Oktoban 1891, watanni kaɗan bayan Sarkin Musulmi Abdurrahman ya hau gado, Waziri Buhari kuma yana riƙe da harkokin baƙi. An karɓe shi da mutunci, an saukar da shi, an yi musayar kyaututtuka, kafin ƙarshen watan kuma ya fito da takardar yarjejeniya. A nan ya gano abu na biyu. Hujjar Ingila a kan wannan ƙasa ta dogara ne kan takardun da Joseph Thomson ya samo daga Sakkwato da Gwandu a 1885, a madadin kamfanin George Goldie da ya zama Royal Niger a shekarar da ta biyo baya. Kamfanin ya gaya wa Turai cewa Sarkin Musulmi ya miƙa masa iko. Monteil bai tarar da ofishin kamfanin a Sakkwato ba, bai tarar da tutarsa ba, bai tarar da wanda ya ɗauki kansa a ƙarƙashin Ingila ba. Abin da fadar ta sani shi ne ta ba wasu 'yan kasuwa Nasara izinin ciniki, su kuma suna kawo gaisuwa. Ya kamata mai karatu ya lura da cewa abin da ya faru da takardar Thomson shi ne ya faru da ta Monteil. A idon fada, amana ce aka ba matafiyi da izinin fatauci. A idon Faris, hujja ce ta neman ƙasa. Takarda ɗaya, ma'ana biyu, kuma ma'anar mai bindiga ce ta yi aiki a ƙarshe.

Daga Sakkwato ya nufi Kano, ya iso a ƙarshen Nuwamba, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya zauna kusan wata uku. Ya zaga kasuwa, ya ga marina da turkuɗi, ya ga ayarin fataken goro da ke zuwa daga Gwanja, ya ga yadda ake ƙirga wuri, ya ga bayi a kasuwa, duk ya rubuta. Akwai raini irin na Turawan zamaninsa a cikin rubutun, akwai kuma mamakin da ya kasa ɓoyewa na girman birnin da tsarin kasuwancinsa. A watan Fabrairun 1892 ya tashi, ya bi ta Haɗeja ya isa Kukawa a watan Afrilu, a zamanin Shehu Hashimi. A can ya haɗu da wani Ba'italiye, Giuseppe Valpreda, wanda ya zo Barno a 1870 a matsayin baran Gustav Nachtigal, ya musulunta ya zauna fiye da shekara 20. Bayan wata huɗu Monteil ya bi ayari ya yi arewa ta gefen tafkin, ya ratsa Bilma da Kawar da Murzuk, ya isa Tarabulus ranar 10 ga Disamban 1892, fiye da shekara biyu bayan fitowarsa.

Abin da ya ƙara wa littafinsa daraja a wurinmu shi ne lokacin da ya zo. Shekara guda bayan ya bar Kukawa, a 1893, Rabe ya ci birnin ya rushe shi. A ƙarshen wannan shekarar Sarkin Kano Bello ya rasu, Yaƙin Basasa ya ɓarke tsakanin Tukur da Yusufawa. Shekara goma bayan nan, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila. Saboda haka Monteil yana cikin baƙi na ƙarshe da suka ga waɗannan birane a tsaye da ƙafafunsu, suna karɓar Bature a matsayin baƙon da ke neman izini, suna iya ce masa ya jira, suna iya ce masa ya tafi.

A Faransa an tarbe shi a matsayin gwarzo. Ba da daɗewa ba aka ɗauke shi daga fagen tafiya aka zaunar da shi a teburin shawara: yana cikin wakilan Faransa da suka je Barlin suka tattauna da Jamus kan iyakar Kamaru da ƙasashen tafkin Chadi, tattaunawar da ta haifar da yarjejeniyar Maris ta 1894. Wanda ya sha ruwan rijiyoyin ƙasar shi ne aka ba alƙalamin yanka ta. Daga nan tauraronsa ya fara dusashewa. An ba shi runduna ya nufi Kong a arewacin Kwaddibuwa don tare Samori Ture, amma Samori ya fi ƙarfinsa, aka ji masa rauni, gwamnati ta janye rundunar a 1895. Ya bar aikin soja ba da jimawa ba, ya rayu shekaru kusan 30 yana rubuce-rubuce da kare aikin mulkin mallaka, ya mutu a Herblay kusa da Faris a 1925.

Adalci ya wajaba a yi masa. Bai ƙona gari ba a wannan tafiya, bai shiga kowace fada da ƙarfin bindiga ba, da haƙuri da kyauta da lallashi ya ratsa nahiyar. Sai dai waɗanda suka biyo bayansa da taswirarsa a hannu ba irinsa ba ne. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. A farkon 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga gaɓar wannan kogin ta yi gabas tana kisa da ƙone-ƙone, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu ta yi ɓarnar da har yau tsofaffin garin ke ambato da sassauta murya. Mai auna hanya da mai ƙona gari ba hali ɗaya gare su ba, amma aiki ɗaya suka yi wa uwargijiya ɗaya, na farko ya share fage, na biyu ya shiga.

Layin Say zuwa Barruwa kansa bai daɗe ba. Da an ja shi a miƙe, da ya wuce ba da nisa ba arewa da birnin Sakkwato, da kuma Gaya ta faɗa Najeriya. Faransa ta riƙe hujjar cewa Zabarma da Arawa da Gobir da Maraɗi ba na Sakkwato ba ne, aka koma teburi. A yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 aka ɗora tsinin kamfas a kan birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila. Bisa wannan zane Birnin Ƙonni ta Ingila ce. Sai Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, ayarinsu na wahala da ƙishirwa, suka nemi gyara. A ranar 8 ga Afrilun 1904 ƙasashen biyu suka yi babban sulhu a tsakaninsu. A cikinsa Faransa ta saki wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi da shanya shi a gaɓar Newfoundland, wani tsibiri mai sanyi a gabashin Kanada, Ingila kuma ta biya ta da wasu wurare a Afirka ta Yamma, ciki har da matso da iyakar nan kudu don ta samu hanya mai ruwa. Aka ƙarasa bayani a 1906, aka tura Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ta haka Ƙonni ta koma Faransa. In an bi salsala, kifin wani teku da gwaggona ba ta taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya sa ta zama 'yar Nijar, yayanta kuma ɗan Najeriya.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne, iyakar ai ta takarda ce, mutane na shige da fice yadda suka ga dama. Ni ma haka nake cewa, har zuwa 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, ba a buɗe ɓangaren Najeriya ba sai watan Maris na 2024. A cikin waɗannan watanni gwaggona ta kwanta ciwon ajali. Masu ƙarfin jiki sun bi ta daji a kan babur, amma mahaifina tsoho ne, ba zai iya ba. Ta waya ya yi bankwana da ƙanwarsa, ta waya aka gaya masa an kai ta makwancinta, alhali tsakaninsu bai kai tafiyar awa biyu a mota ba. Allah Ya jiƙanta. Tun daga ranar na daina cewa iyakar ta takarda ce. Tana barci ne kawai, duk ranar da masu mulki suka saɓa sai ta farka, kuma talaka take fara cizo.

Duk da haka ba na cikin masu ɗora wa Bature komai su koma gefe su zauna. Monteil bai ƙirƙiri yaƙin Kabi da Sakkwato ba, tarar da shi ya yi. Bai raba Katsina da Maraɗi ba, jihadi da abin da ya biyo bayansa ne suka raba su tun kafin a haife shi. In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Abin da ya yi shi ne ya ga tsagar, ya auna ta, ya kai rahoto, aka zuba mata siminti ta zama dindindin. Darasin da ke nan ya shafi yau fiye da jiya: duk saɓanin da muka kasa warwarewa a tsakaninmu, akwai wanda ke zaune a wani wuri yana rubuta shi, kuma wata rana zai dawo mana da shi a matsayin hujja.

Abin da ya fi damuna kuwa a zauren taron Say na gan shi. Mu da muka zo daga Najeriya muka gabatar da takardunmu da Ingilishi, 'yan'uwanmu na Nijar suka gabatar da nasu da Faransanci, wasu da Larabci, aka riƙa neman mai fassara tsakaninmu. Da aka fita shan shayi sai ga mu duka muna Hausa, muna dariya, muna tambayar juna mutanen gida. Wani malami daga Yamai, sa'ana, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka ga abin kunya? A waje 'yan'uwa ne mu, a ciki sai da tafinta." Na ce masa wannan ita ce iyakar da ta fi ta Illela tsauri, domin babu jandarma a kanta, mu ne ke gadinta da kanmu. Ɗalibin tarihi a Sakkwato ko Kano ko Zariya yakan kammala digiri bai karanta abin da masanan Yamai suka rubuta kan Adar ko Damagaram ba, na Yamai ma bai karanta abin da aka rubuta a Zariya kan Katsina ko Zamfara ba. Kowanne yana riƙe da rabin labari, rabin da mai mulkin mallakarsa ya bar masa.

Gyaran wannan ba ya buƙatar izinin kowace ƙungiyar ƙasashe. Sassan tarihi da na Hausa da na Faransanci a jami'o'inmu suna iya haɗa hannu su juya littattafan irin su Monteil zuwa Hausa, da sharhin da zai nuna inda ya faɗi gaskiya da inda son zuciya ya ja shi, a ajiye su gefe da gefe da wasiƙun fadar Sakkwato da labaran baka na Argungu da Ƙonni da Maraɗi. Ana iya wajabta wa ɗalibin da ke nazarin tarihin wannan yanki ya koyi karatun Faransanci, na can kuma ya koyi na Ingilishi. Ana iya yin taron masana na ɓangarorin biyu da Hausa tsantsa, a buga sakamakon da Hausa, yadda malamin firamare a Tawa da na Gusau za su karanta shafi ɗaya. Zumunta a ƙafa take, ta ilimi ma haka.

Daren da zan bar Say na koma bakin kogi bayan sallar isha'i. Wani mai kwalekwale yana ɗaure jirginsa, na tambaye shi nawa yake haye da mutum zuwa ɗaya gaɓar. Ya faɗi kuɗin da dala, na tsaya ina lissafi da naira a zuciyata, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, daga Najeriya kake ko?" Na ce daga Sakkwato. Ya ce, "To ai gida ne." Na tuna cewa a wannan mashigar wani kyaftin ɗan shekara 36 ya taɓa tsayawa da littafinsa a hannu yana duban gaɓar da ake kira Hausa, ya san abin da ya zo nema, waɗanda suka haye da shi kuwa ba su san abin da suka ɗauko ba. Ba laifinsu ba ne, karamci suka yi, kuma karamci ba abin kunya ba ne. Laifin zai zama namu ne in bayan shekara fiye da 130, da jami'o'inmu da digirorinmu, har yanzu baƙo ya fi mu sanin nisan da ke tsakanin rijiyoyinmu. Allah Ya ba mu ikon sanin ƙasarmu da kanmu, Ya kuma sassauta tsakanin shugabanninmu domin albarkacin talakawan da ke zaune a bakin iyaka.